Gefen Zobe, Inda Ruwa Bai Kai Ƙugu Ba

Wanda ya ratsa ƙasar Batsari da Safana da rani ba zai ce ƙasar ruwa ba ce. Duwatsu ne baƙaƙe birjik, wani kan wani, kuka ta zubar da ganye, gawo kaɗai ke da inuwa a gonaki, rafuka kuwa sun koma hanyar yashi, sai mata da yara a tsakiyarsu suna tono suna kwarfar ruwa da ƙoƙo. Duk da haka ƙasar nan a tsakanin manyan ruwaye biyu take zaune, kuma dukkansu hannun mutum ne ya tara su. Ta arewa akwai madatsar Jibiya a kan kogin Gada. Ta kudu maso gabas, da ka fita garin Safana ka taka ƙasar Dutsin-Ma, ga Zobe nan shimfiɗe a kan kogin Karaduwa. Mutumin Safana ya fi mutumin birnin Katsina kusa da Zobe nesa ba kusa ba, amma sai ka sami magidanci a Runka ko Wagini wanda ya yi Legas ya yi Fatakwal, bai taɓa tsayawa a bakin wannan ruwa ba.

'Yan ci-raninmu idan sun dawo daga Ikko sukan ba da labarin ruwan can. Ba tekun kanta ba, wannan makeken ruwa da ke kwance a bayanta, wanda doguwar gadar nan mai kusan kilomita 12 da aka buɗe a 1990 ta bi ta kansa. Ruwa ne da tudun gaɓa ya raba shi da teku, kogin Ogun na zuba masa ruwan daɗi, teku na turo masa na gishiri ta wata kafa, kuma duk faɗinsa yawancinsa ba shi da zurfi. A kansa mutanen Makoko suka kafa gidajensu, a cikinsa ake su, ake tseren jirage, masu hali kuma su hau ƙananan jirage masu inji suna tsala gudu don nishaɗi. A ƙasashen da ke da gaɓar teku irin wannan ruwa shi ne matattarar tsuntsaye da masu yawon buɗe ido. Mu nan teku ta yi mana nisa. Sai dai abin da ya sa irin wancan ruwa ya yi albarka ba gishirinsa ba ne, rashin zurfinsa ne, kuma wannan muna da shi a gefen Zobe. Shi na je gani.

Daga Batsari muka tashi da hantsi, a ƙarshen hunturu, bazara ta fara leƙowa. Ba a sammako a hanyar nan, ba a kuma bin ta da yamma, kowa ya san dalili. Dajin Rugu na nan ta hannun dama tun daga fita har isa. Mutanen Batsari ba su manta da daren nan na Fabrairun 2020 ba, da aka afka wa Tsauwa da Dankar aka kashe mutum 30. A watan Afrilu na shekarar aka sake faɗa wa ƙauyukan Safana da Dutsin-Ma da Ɗanmusa, aka rasa rai 47. A Satumbar 2021 har layukan waya aka katse a yankin. Zaman sulhun da aka yi ta yi a 2025 a Batsari da Jibiya da Safana ya sa wasu sun koma gonakin da suka bari shekara da shekaru, kuma hirar da aka yi ta yi a cikin motarmu ke nan: wane ya kwashe gero a gonarsa ta bakin daji, wane ya dasa rogo. Amma ko masu hirar da ƙasa-ƙasa suke yin ta, kowa na ƙarewa da Allah ya ɗorar. Na kawo wannan ne don a san dalilin da ya sa ruwa mai girman Zobe ba shi da masu ziyara, kuma a san cewa akwai yara a ƙasar nan da suka taso suka kai munzalin aure ba su san fita gari don shaƙatawa kawai ba.

Bangon madatsar ƙasa ce aka tara aka daɓe, tsawonsa mita 2,750, tsayinsa mita 19. An kammala shi a 1983, a ƙarshen mulkin Shugaba Shehu Shagari, a ƙarƙashin hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, da nufin noman rani da ruwan sha. Yana iya riƙe ruwa kusan kubik mita miliyan 180. Sai da ruwan ya shekara 38 a kwance kafin Shugaba Muhammadu Buhari ya zo a Yulin 2021 ya buɗe kashin farko na aikin tace shi don sha. Jaririn da aka haifa shekarar da aka toshe Karaduwa ya yi furfura a gemu kafin wannan rana, kuma wannan abin baƙin ciki ne da bai kamata a saba da shi ba.

Yawancin baƙi a kan bangon nan suke tsayawa, su ɗauki hoto su juya. Ruwan gindin bango kuwa baƙi ne wuluk, mai zurfi, ba ciyawa, ba tsuntsu, sai iska. Rayuwar Zobe tana can baya, wajen Garhi da Makera da sauran ƙauyukan gaɓa, inda ruwan ya bazu a kan tsofaffin gonaki da fadamu ya yi lunguna, inda mutum zai yi tafiyar minti goma a cikinsa bai kai masa ƙugu ba.

A wani lungu inda masunta ke ɗaure jirage na tarar da wani dattijo a gindin bedi yana ɗinkin kalli, ya maƙale bakin ragar a babban yatsan ƙafarsa.

"Salamu alaikum. Sannu da aiki, Baba."

"Wa alaikumus salam. Yawwa Malam, sannunka da zuwa. Kihi kake so, ko ƙetare za ka?"

Na ce kallo na zo, ruwa da tsuntsaye. Ya ajiye allurarsa ya ce, "To ai ka zo inda suke. Amma mu tahi ka gaida Sarkin Ruwa tukuna, ba a shiga ruwan mutane ba sallama." Haka aka yi. Wannan ƙa'ida ce da duk mai zuwa ya kamata ya kiyaye, ba don ladabi kaɗai ba. Sarkin Ruwa ne ya san jirgin da ke yoyo da wanda ba ya yi, ya san matuƙin da ke da hankali, kuma idan wani abu ya faru shi za a fara nema.

Jirgin na katako ne, an toshe haɗinsa da tsumma da kwalta, a cikinsa akwai yankakkiyar jarka ta kwarfe ruwa. Ɗan dattijon, saurayi mai dogayen hannuwa, ya tsaya a baya da doguwar sanda. A nan ba a bukatar filafili. Sai ya cake sandar a ƙasa, ya bi ta da hannu bibbiyu har ƙarshenta, jirgi ya sulala ba ƙara. Da na leƙa ina ganin ƙasan ruwan sarai: kututturen dawar da aka girbe kafin ruwa ya hau, sawun shanu da ya cika da laka, 'yan ƙananan kifaye suna watsewa daga inuwar jirgi.

Sirrin wurin ke nan. Inda ruwa ba zurfi, rana na kaiwa har ƙasa, ciyawa da gansakuka su fito, ƙwari su yi ƙwai a cikinsu, 'ya'yan kifi su sami abin ci da wurin ɓuya daga ragon ruwa da manyan tarwaɗa, tsuntsu mai dogayen ƙafafu kuma ya sami wurin tsayawa. Ruwan na saurin ɗumi, shi ya sa kifi ke zuwa nan haihuwa. Sannan kowace shekara damina na cika tafkin ya hau tudu, rani ya janye shi ya bar danshi da baƙar laka. Wannan hawa da sauka shi ke ciyar da kowa, daga tsutsa har manomi.

Saurayin ya tsayar da jirgi ya nuna mini ƙasa da haɓa. A kan wani farin yashi akwai ramuka zagayayyu a jere, kowanne kamar akushi da aka binne, tsakiyarsa a share tas. Gidajen karfasa ne. Namijin ne ke haƙa su da baki, ya tsaya gadi, ya kori duk wanda ya matso, har mace ta zo ta zuba ƙwai. Dattijon ya miƙe ya yafa birgi a kafaɗa, ya riƙe gefe ɗaya, ya juya jiki ya watsa. Ragar ta buɗe a sama ta sauka da'ira guda, dalmar bakinta ta ja ta ƙasa. Da ya jawo akwai karfasa 'yan madaidaita da kurungu ɗaya yana ta gurnaninsa, ƙayoyinsa a miƙe. Ya ɗauki wata karfasa mai kumburarren maƙoshi, ya danna gefen bakinta a hankali da babban yatsa. Bakin cike yake da ƙwai rawaya, ƙanana, a cunkushe. Uwar ce ke ɗauke da su a baki har su ƙyanƙyashe, ba ta cin komai a tsawon kwanakin nan, kuma ko bayan sun fito, idan suka ji tsoro bakinta suke komawa. Ya sunkuya ya sa ta cikin ruwa, bai jefa ta ba, ya buɗe hannu ta tafi.

"Wagga ba ta kasuwa ba ce, Malam," in ji shi. "In ka ci ta, ka ci na baɗi."

Tsuntsayen kuwa sai wanda ya gani. Balbela ce ta fi yawa, tana bin garken shanun da suka sauko shan ruwa, tana cafke farar da kofato ya tayar. Zalɓe na tsaye shi kaɗai a ruwa iya gwiwarsa, wuya a lanƙwashe, ba ya ko motsi har sai kifi ya manta da shi. Jinjimi fari mai baƙin kai da lanƙwasasshen baki na caccakar laka. A kan wani tsibirin yashi kirinjijiya ce ta yi dandazo, fuskokinsu farare, da muka matso suka tashi gaba ɗaya suna wannan fito nasu mai gaɓa uku, suka kewaya suka sauka a can gaba. Dinya biyu, manya, baƙaƙe da farin ciki, ba su ma kula mu ba. Akwai wani ɗan tsuntsu ja mai dogayen yatsu da ke tafiya a kan ganyen bado bai nutse ba, da wani mai zanen fari da baƙi da ke tsayawa cak a sama yana kaɗa fukafukai, baki a ƙasa, sai ya faɗo ruwa tsulum ya fito da ɗan kifi a gicciye. Zakaran ƙeƙuwa ne mai tsaron wurin, tun daga nesa yake shelar zuwanmu.

Amma waɗanda suka fi taɓa mini zuciya ba su da ado ko kaɗan. 'Yan ƙanana ne masu ruwan ƙasa, sirara, suna gudu-gudu a bakin laka suna tsinta, tare da wasu ƙananan agwagi da namijinsu ke da farin zane a saman ido. Dattijon ya ce baƙi ne, da sanyi suke zuwa, da zafi su ɓace. Gaskiya ya faɗa. A arewacin Turai da Rasha suke ƙyanƙyasa, idan ƙanƙara ta rufe musu abinci su taso, su ƙetare Bahar Rum, su ƙetare Sahara, su sauka a ruwayen ƙasashenmu wajen watan Oktoba. Zuwa Maris da Afrilu su juya. A lokacin da na gan su kitse suke tarawa na komawa, domin a tsakiyar hamada ba mashaya, abin da tsuntsu ya ci a nan shi zai kai shi gaɓar can ko ya kasa. Tsuntsun da bai cika tafin hannu ba, rayuwarsa ta rataya a kan lakar wani lungu a ƙasar Dutsin-Ma. Shamuwa kuwa tata tafiyar daban ce. Ita kudancin Afirka take yin rani, sai ruwa ya kusa sauka ta dawo kan kukokin Safana da Batsari, shi ya sa manomi ke duban ta kafin ya gyara kwashe da iri. Ranar ba ta iso ba tukuna.

Na tambayi dattijon gauraka. Ya yi shiru, sannan ya ce rabonsa da jin kukanta tun ɗan nan nasa na goye. Tsuntsuwar da Najeriya ke alfahari da ita, mai tukku ruwan zinariya, a fadama mai ciyawa take gida, kuma fadamun an nome su, waɗanda suka rage an kama su an kai gidajen masu kuɗi ado. Haka labarin yake a tudu. Gandun dajin Ruma da Kukar Jangarai, wanda Gwamnatin Arewa ta tsara don kiwo tun shekarun 1960 har aka haƙa masa tafkuna, dattawan Batsari na ba da labarin giwa da ɓauna da barewa da kura a cikinsa. Gatari da bindiga sun gama da wannan. Abin da ya rage wa yaron ƙasar nan na namun dawa da zai gani da idonsa, da yawa, a wuri ɗaya, ba tare da ya sa ransa a haɗari ba, shi ne tsuntsayen bakin ruwa. Shi ya sa danƙon da na gani a wuyan wasu yara ya dame ni.

Da rana ta take sai wasa ya kankama. Yaran ƙauyen ne suka sauko bayan an tashi daga makarantar allo, suka tuɓe riguna suka tara a kan dutse. Babu mai jirgi mai inji a cikinsu, babu mai kayan wasan Turawa, amma wasannin ruwa sosai na gani, masu doka da alƙali. Da fari tseren gora. Kowa ya kifa cikinsa a kan babban goran su, wanda ba shi da gora ya rungumi jarkar man gyaɗa da aka toshe bakinta, aka ja layi, wani babba a cikinsu ya tafa hannu. Hannu ke tuƙi, ƙafa na daidaita hanya, kuma gora ba ya yafe wa mai gaggawa: da ka ɗaga ƙirji ya murgina ya kifar da kai. Turken wata gura da aka kafa a can ciki shi ne iyaka, a taɓa shi a juyo. Sai kurme, a nutse a wuri ɗaya a ga wanda zai ɓullo mafi nisa, 'yan kallo na ƙirga da ƙarfi. Daga ƙarshe manyan suka kwance jirage biyu na iyayensu, mutum bibbiyu a kowane, aka yi tseren sanda.

Wannan tseren ne ya nuna mini cewa abin ilimi ne. Jirgin da ya fara yin gaba na masu ƙarfi ne, suka miƙe sambal. Ɗayan, wani siririn yaro ke tuƙa shi, sai ya yi kwana ya bi gefe, hanyar da ta fi tsawo. Can sai na ga masu ƙarfin sun cake sanda ba ta sami ƙasa ba, sun shiga kan wani tsohon kwazazzabo da ruwa ya rufe, jirginsu ya yi ta juyawa. Siririn yaron bai taɓa rasa ƙasa ba har ya taɓa turke. Ya san gonakin da ke ƙarƙashin ruwan nan ɗaya bayan ɗaya, don da rani shi ke kora awaki a kansu. Ihun da aka yi masa har shanu sai da suka ɗago kai.

Ruwan da yaran nan ke wasa a ciki, idan ya fita ta ƙofar madatsa ya nufi yamma ta gefen ƙasar Safana, ya shiga Zamfara da sunan Bunsuru, ya haɗu da Gagare su zama Rima, ya wuce Goronyo da Sakkwato, ya bi ta Argungu kafin ya faɗa Kwara. A Argungun nan, irin abin da na gani a Zobe shi ne ake kira kabanci: tseren jirgi, nutso, kamun kifi da hannu, kamun agwagwar ruwa. Tun 1934 da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara ake raya bikin kamun kifi na garin, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake tattali a 2016. Kabawa ba su ƙirƙiro wani abu daga sama ba. Wasan yaransu da sana'ar iyayensu suka ɗauka da daraja, suka sa masa rana, suka gayyaci mutane. Ban ga abin da zai hana hakiman Dutsin-Ma da Safana da Sarkin Ruma su sa rana ɗaya a shekara, bayan an kwashe amfanin gona, samarin Zobe da na Jibiya su gwada hannu ba.

Sai dai ruwa ba a yi masa gaggawa. Kwazazzabon da ya kayar da masu tsere shi ne kuma ke cin baƙo. Mutum na tafiya ruwa iya gwiwa, taku ɗaya ya ji ba ƙasa, domin tsohuwar hanyar kogi da ramukan da aka haƙi ƙasar gini suna nan a ƙasa ba alama. A jirgin da na shiga babu rigar hana nutsewa ko ɗaya, haka a duk jiragen da ke ɗaure a gaɓar, har da waɗanda ke ƙetarar da mutane da babura ranar kasuwa. Ba mu manta da Bagwai ba. Ranar 30 ga Nuwamban 2021 jirgi ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai a jihar Kano da ɗaliban Islamiyya da suka taso daga Badau za su Maulidi, aka rasa aƙalla rai 29, yawancinsu yara. Lodi ne ya yi yawa, kuma ba riga. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai, kuma a nan maganar ba karin magana ba ce kawai. Wasan da wani zai ɗauka shiririta ce shi ne makarantar da ke koya wa yaro abin da zai fid da shi ranar da jirgi ya juye.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne 'yan matan. Suna can gefe wajen wanki, suna kallo suna dariya, ba wadda ta shiga ruwa ya wuce idon sawunta. Alhali su da iyayensu mata ne ke cika jirgi ranar biki da ranar kasuwa, da goyo a baya. Addini bai hana mace koyon iyo ba. A keɓe musu lungu, a kewaye shi da zana, matan masunta da suka iya su koya musu. Ba abu ne mai cin kuɗi ba.

Akwai kuma ciwon da ruwa marar zurfi ke ɓoyewa, tsargiya. Na ɗaga wani ganyen bado na ga 'yan ƙananan dodon koɗi manne a bayansa. Idan mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin irin wannan dodon koɗi, ya hayayyafa, ya fito ya huda fatar duk wanda ke cikin ruwan, ba sai ya sha ba. Bayan makonni yaro ya fara fitsarin jini. A ƙauyuka da yawa har yanzu ana ɗaukar wannan alamar balaga ce ga ɗa namiji, alhali ciwo ne da ke cin mafitsara a hankali shekara da shekaru. Maganinsa ƙwaya ce, firazikwantel, wadda ake rabawa kyauta a makarantu lokaci-lokaci, kuma yaron da ke makarantar allo ko bin shanu shi ya fi bukatarta, shi kuma rabon ya fi tsallakewa. Duk wanda zai kira mutane wasa a Zobe, ya fara da wannan ƙwaya da masai a nesa da gaɓa. Baƙon da ya shiga ruwan kuma kada ya ji kunyar zuwa gwaji idan ya koma gida.

Da muka juyo mun bi ta gefen lambuna. Duk inda ruwa ya janye an bi shi da shuka: tumatir, albasa, tattasai, masara, kankana, can tudu kuma alkama ta yi zangarniya, injinan ban-ruwa na ta ƙugi. Daga nan ake lodin kwandunan da ke tafiya kudu, kuma da yawa daga masu aikin mutanen ƙauyukan bakin daji ne da tashin hankali ya koro. Zobe ta rufa wa dubban mutane asiri, wannan ba a musu. Amma a gabana wani saurayi ya gama feshin tumatir, ya sauko ya kwance tankin feshin daga bayansa, ya ɗauraye shi a cikin ruwan, farin kumfa ya bazu a kan lungun da muka ga gidajen karfasa. Taku kaɗan daga nan wasu yara biyu na jan gidan sauro a cikin ciyawa, suna kwashe 'ya'yan kifin da ba su kai ɗan yatsa ba. Dattijon ya daka musu tsawa suka gudu, amma ya ce gobe za su dawo, don a gidansu ba abin miya. Ga yashi kuma da kowace damina ke kwasowa daga gonakin da aka sare wa itatuwa, yana cike tafkin ta baya sannu a hankali.

Maƙwabtanmu sun riga mu gane darajar irin wannan wuri. Da ka ƙetare iyaka ta Jibiya, kudu da Maraɗi, akwai tafkin Madarunfa, shi ma marar zurfi, da dajinsa da kaburburan waliyyai 99 da ake ziyarta. Nijar ta miƙa sunansa ga UNESCO tun 2006, a 2019 kuma ya shiga jerin dausayin duniya da ake karewa a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta 1971. A gabas, tafkin Nguru ya shiga wannan jeri tun 2000, kuma a can ana fita ƙidayar tsuntsaye da hunturu. Zobe tana da jami'ar tarayya a bakinta, wadda aka kafa a Dutsin-Ma a 2011, da ɗalibai masu karatun kifi da gandun daji. Su da masunta irin wannan dattijo, wanda ya san kowane tsuntsu da lokacin zuwansa, za su iya fitar da littafin tsuntsayen Zobe da Hausa, su kafa turaku masu jan ƙyalle a bakin kowane rami, su shata lungunan da ba a feshi ba a jan raga a watannin haihuwar kifi.

A gaɓa mata sun hura wuta, karfasa na soyuwa a manyan kasake, an tsaga ta gefe-gefe an shafa mata gishiri, ana barbaɗa yaji idan an tsame. Wata dattijuwa ta zaɓo mini mai zafi ta ce, "Ci wannan, ɗana, yanzu ta fito ruwa." A nan na ga 'yan sari na cika daro suna rufewa da takarda, za a kai Dutsin-Ma da Safana kafin la'asar. Yaro a Safana ya san ɗanɗanon kifin Zobe tun yana ƙarami, bai san kamannin ruwan da ya fito ba.

Irin waɗannan yara nake so a fara kawowa, kafin a yi zancen Turawa masu madubin hangen nesa ko manyan baƙi daga Abuja. 'Yan firamaren Safana da Runka da Zakka, 'yan sakandaren Batsari da Ruma, almajiran tsangayu da malamansu, mota ɗaya a mako, tsakanin Disamba da Maris lokacin da baƙin tsuntsaye ke nan kuma hanya ta bushe. A iso da hantsi, a gaida Sarkin Ruwa, kowane yaro a ɗaura masa riga kafin ya taka jirgi, kada a wuce mutum shida a jirgi ɗaya, a biya masunta ladan tuƙi da na koyarwa, a kuma kama hanyar gida da an yi sallar azahar.